Fushi da Jinƙai a Haƙƙin Allah Wanda Ba Ya Sauyawa: Yadda Malaman Kiristanci na Farko Suka Fuskanci Mas'alar, da Abin da Ɗalibin Tauhidi Zai Amfana

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi wata mas'ala da ta sha kan malaman Kiristanci a ƙarnoni biyar na farko bayan Annabi Isa (AS), wato yadda za a siffanta Allah da fushi da so da tausayi, alhali an ƙudurta cewa ba ya sauyawa, kuma babu abin halitta da ke yin tasiri a zatinsa. An kawo amsoshin da fitattun malamansu suka bayar, an nuna yadda aƙidar gicciye ta mai da mas'alar rikicin da ya raba coci, sannan an gwama da saɓanin Ash'ariyya da Ahlul Asar wanda ɗalibanmu ke ji a zaurukan karatu da masallatan ƙasar Kano. Maƙalar ta kai ga cewa abin da ɓangarorin Musulmi biyu suka haɗu a kansa ya fi abin da ya raba su girma.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Mai kamala a zatinsa da siffofinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Asalin wannan rubutu wata tambaya ce da wani matashi ya yi mini a Yammedi, ta ƙaramar hukumar Ƙaraye, bayan an tashi daga tafsirin azumi. An karanta aya ta 55 ta Suratuz Zukhruf, inda aka ba da labarin yadda Fir'auna da mutanensa suka jawo wa kansu fushin Allah, aka halaka su da ruwa. Matashin ya ce yana da abokin noma, Bahaushe Kirista daga ƙauyukan Rogo, wanda ya taɓa ce masa su a wurinsu Allah yana baƙin ciki, har ma ya sha wahala saboda ƙaunar mutane. Shi kuma ya mayar masa da cewa Allah ba ya sauyawa. Sai abokin ya ce, to in haka ne, me ake nufi da fushin Allah da yardarsa da Musulmi ke ambata kullum? A nan hujjar matashin ta ƙare.

Tambayar ba sabuwa ba ce. Malaman Kiristanci sun yi ƙarnoni suna fama da ita tun kafin aiko Manzon Allah (SAW), kuma mafi yawan waɗanda suka yi fice a cikinta 'yan Afirka ne, daga Iskandariyya ta Masar zuwa ƙasashen da a yau ake kira Tunisiya da Aljeriya. Sanin abin da suka faɗa yana daga cikin amanar ilimi, domin aya ta 46 ta Suratul Ankabut ta umarce mu da yin jayayya da Ma'abota Littafi ta hanya mafi kyau, kuma wanda bai san maganar abokin jayayyarsa ba, da wuya ya yi masa adalci.

2.0 Tushen Mas'alar

Harshen Hausa da kansa yana nuna inda matsalar take. Bahaushe yana cewa haushi ya kama wane, tausayi ya kama shi, tsoro ya kama shi, ransa ya ɓaci. A duk waɗannan maganganu mutum shi ne abin kamawa. Wani abu ne ya zo daga waje ya same shi a wani hali, ya jefa shi cikin wani halin dabam, ko yana so ko ba ya so. Wannan shi ne abin da malaman kalam ke kira infi'ali, Girkawa kuma suka kira shi fatos. Abin lura shi ne, Bahaushe Musulmi yana cewa Allah ya ji ƙan wane, yana neman tsari daga fushin Allah, amma ba za ka ji shi ya ce tausayi ya kama Allah ba. Kunnensa yana ƙin wannan tun kafin ya zauna gaban malami.

Kiristocin farko sun gaji littattafan Bani Isra'ila, kuma sun tarar da nassoshi iri biyu a cikinsu. A Littafin Farawa, sura ta 6, an siffanta Ubangiji da yin nadamar halittar mutum gabanin ruwan Ɗufana. A Littafin Malakai, sura ta 3, an ce ba ya sakewa. A Littafin Sama'ila na Fari, sura ta 15, an haɗa duka biyun a wuri guda: an ce ya yi nadamar naɗa Ɗalutu sarki, kuma a cikin surar aka ce shi ba mutum ba ne da zai yi nadama. Waɗannan nassoshi suna hannun maƙwabtanmu Kiristoci da Hausa tun 1932, lokacin da aka buga cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki ta farko, wadda Dokta Walter Miller ya yi babban aiki a kanta, kuma sunan Allah aka yi amfani da shi a ciki.

A ɗaya gefen kuma akwai falsafar Girka, wadda ita ce ilimin zamanin. Aflaɗon ya kafa hujja cewa duk mai sauyawa, ko dai ya sauya zuwa abin da ya fi, wanda ke nuna da ma yana da tawaya, ko zuwa abin da ya gaza, wanda ke nuna ya tawaya yanzu. Saboda haka cikakke ba ya sauyawa. Arisɗo ya yi maganar Mai motsarwa na farko wanda babu mai motsa shi. Ruwaƙiyyawa kuwa suna ganin fushi da baƙin ciki cututtukan rai ne, kuma kamalar mai hikima ita ce kuɓuta daga gare su, abin da suka kira afatiya. Filon, Bayahuden malami na Iskandariyya wanda ya yi zamani da Annabi Isa (AS), ya rubuta risala sukutum a kan rashin sauyawar Allah, inda ya ce maganar nadama da fushi an yi ta ne daidai da fahimtar gama-garin mutane domin tarbiyyarsu. Daga gare shi malaman Kirista na Iskandariyya suka ɗauki wannan hanya.

3.0 Amsoshin Malaman Coci

3.1 Marsiyon da Tartuliyan

Wanda ya fara tilasta wa coci ta ba da amsa shi ne Marsiyon, wanda aka kora daga cocin Rum a shekarar 144 Miladiyya. Shi ya ɗauki nassoshin fushi da kishi da nadama a kan ma'anar da take ga mutane, sai ya yanke cewa mai irin waɗannan siffofi ba zai zama Allah na gaskiya ba. Daga nan ya ce alloli biyu ne: Mahaliccin da ke cikin littattafan Yahudu, mai fushi da hukunci, da wani allah na alheri zalla wanda Almasihu ya zo da labarinsa. Ya fara da kamantawa, ya ƙare da shirka.

Tartuliyan na birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau, ya mayar masa da martani cikin littattafai biyar a wajajen shekarar 207. Ya ce allahn da ke hani amma ba ya fushi da wanda ya saɓa, haninsa wasa ne. Ya tabbatar wa Allah fushi da kishi da jinƙai, amma ya ce kuskuren Marsiyon shi ne auna Allah da mutum. Sunan siffa ɗaya ne, amma yanayinta yana bin zatin da ke ɗauke da ita, don haka fushin mutum mai lalacewa dabam, fushin Wanda ba ya lalacewa dabam. Duk ɗalibin da ya karanta ƙa'idar cewa magana a kan siffofi reshe ce ta magana a kan zati zai ji wannan bayani bai yi masa baƙo ba.

3.2 Urijin

Urijin na Iskandariyya, wanda ya rasu a wajajen 253, ya bi hanyar tawili. A littafin da ya rubuta don mayar da martani ga Salsus, masanin falsafa mai sukar Kiristanci, ya ce fushin Allah ba infi'ali ba ne. Hanya ce ta ladabtar da bayi, kuma nassi yana magana da mu ne kamar yadda babba ke sassauta harshensa in yana magana da ƙaramin yaro. Sai dai shi wannan malami, a wata huɗubarsa a kan Littafin Ezekiyel, ya ce Uba kansa yana da wani irin shan wahala, wato ta ƙauna da tausayi. Wannan ya nuna cewa ko wanda ya fi kowa nisa a tawili ya ji tsoron kada ya bar wa mabiyansa Ubangijin da ba ya kula da su.

3.3 Laktantiyus

A farkon ƙarni na huɗu, Laktantiyus, wanda shi ma ɗan Arewacin Afirka ne kuma ya koyar da ɗan Sarki Kustantin, ya rubuta littafi na musamman a kan fushin Allah. Hujjarsa ita ce, wanda ke son nagarta dole ya ƙi mugunta, kuma wanda ba ya ƙin azzalumi, son da yake yi wa wanda aka zalunta ba shi da ma'ana. Ya ƙara da cewa in aka cire fushi aka cire tsoron Allah, in aka cire tsoron Allah kuma addini ya rushe. Ya bambance fushin zalunci, wanda ya kore wa Allah, da fushin adalci, wanda Allah ke mallakarsa ba shi ke mallakar Allah ba.

3.4 Agustin

Wanda maganarsa ta zama madogara a cocin Yamma shi ne Agustin (354–430), haifaffen garin da a yau ake kira Suk Aharas, kuma bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya. A littafinsa Birnin Allah ya bayyana cewa fushin Allah ba gurɓacewar rai ba ne, hukunci ne da yake zartarwa a kan zunubi. Nadamarsa kuwa sauyi ne a cikin abubuwan da yake gudanarwa, bisa wani tsari da ya sani tun azal wanda shi ba ya sauyawa. A wurinsa Allah ba ya cikin zamani, domin zamani halittarsa ne. Bawa ne ke fita daga inuwar yarda ya shiga ranar fushi; sauyin yana wurin bawa.

4.0 Inda Gizo Ke Saƙa: Gicciye

Da a ce mas'alar ta tsaya a kan fassarar kalmomi, da ba ta raba coci ba. Abin da ya tsananta ta shi ne Kiristoci sun haɗa ƙuduri biyu: cewa Allah ba ya shan wahala, da cewa Almasihu Allah ne kuma an gicciye shi ya mutu. Tarihin aƙidarsu na ƙarni uku ƙoƙari ne na riƙe waɗannan biyu a hannu ɗaya.

Wasu, irin su Nuwitus da Faraksiyas, don kare kaɗaitaka, sun ce Uba da Ɗa abu guda ne, wanda ke lizimta cewa Uba ne ya sha wahala a kan gicciye. Tartuliyan ya yi musu raddi mai zafi, coci kuma ta ƙi maganarsu. Aryus na Iskandariyya da mabiyansa sun bi ta wata ƙofar: tun da Almasihu ya ji yunwa, ya yi kuka, ya ji tsoro, to mai sauyawa ne, kuma mai sauyawa fararre ne, ba daidai yake da Allah ba. Taron Nikiya na shekarar 325 ya la'anci wannan ra'ayi, har ya ambaci masu cewa Ɗa yana sauyawa a cikin waɗanda aka la'anta. Atanasiyus, babban mai kare matsayin taron, ya jingina yunwa da kuka da tsoro ga jikin da aka ɗauka, ya tsarkake allahntaka daga gare su.

Wannan bai kashe wutar ba. Nasɗur, wanda ya zama shugaban cocin Kustantiniyya a 428, ya dage a kan rarrabe abin da ke na allahntaka da abin da ke na mutuntaka, don kada a jingina haihuwa da mutuwa ga Allah. Kirillus na Iskandariyya ya ce in ba Kalmar Allah ce da kanta ta sha wahala a cikin jiki ba, to babu ceto, har ya yi amfani da lafazin da ke nufin ya sha wahala ba tare da shan wahala ba. Taron Afisa na 431 ya tsige Nasɗur. Taron Kalkidon na 451 ya yanke cewa Almasihu mutum guda ne mai ɗabi'a biyu, ya kuma ƙi masu cewa allahntaka tana shan wahala. Cocin Kibɗawa na Masar da na Habasha ba su karɓi wannan taro ba. Daga waɗannan rabe-rabe aka sami ƙungiyoyi ukun da ɗalibanmu ke karantawa a Al-Fisal na Ibn Hazm da Al-Milal wan Nihal na Shaharastani: Malkaniyya da Nasɗuriyya da Ya'aƙubiyya.

Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne, duk ɓangarorin nan, har da waɗanda suka la'anci juna, sun yarda cewa zatin Allah ba ya shan wahala. Maganar da abokin matashin nan ya faɗa, in ana nufin allahntaka kanta ce ke wahala, ta fi kusa da ra'ayin wasu malaman ƙarni na ashirin, irin su Bajamushe Yurgen Moltman a littafinsa na 1972, fiye da matsayin magabatan coci. Malaman Musulunci sun gane wannan gaɓa tun da wuri. An taɓo mas'alar mutuwar Almasihu a muƙabalar Halifa Mahadi da Timotawus, shugaban cocin Gabas, a Bagadaza wajajen 781, kuma Abu Isa al-Warraƙ da Baƙillani da Ibn Taimiyya duk sun matsa a kanta: in allahntaka ce ta mutu, an rushe rashin sauyawa, in mutuntaka ce kaɗai, to mutum ne ya mutu. Musulmi bai shiga wannan tsaka mai wuya ba, domin Alƙur'ani ya kore allahntakar Annabi Isa (AS), kuma aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta kore kashe shi da gicciye shi.

5.0 Mas'alar a Zaurukanmu

Kuɓuta daga matsalar gicciye ba ya nufin tambayar fushi da jinƙai ba ta shafe mu ba. Alƙur'ani ya siffanta Allah da so da yarda da fushi. A hadisan Bukhari da Muslim an zo da farin cikin Allah da tuban bawansa, wanda ya fi na mutumin da ya ga raƙumarsa bayan ya fid da rai a cikin sahara, an kuma zo da cewa ya fi uwa jin ƙan ɗanta. A hadisin ceto, annabawa za su ambaci wani fushi na ranar alƙiyama wanda ba a yi irinsa ba a baya, ba kuma za a yi ba a gaba. Tare da haka aya ta 11 ta Suratush Shura ta kore masa kama da kowane abu.

Hanyar da ta daɗe a ƙasar Hausa ita ce ta Ash'ariyya, ta hannun Ummul Barahin na Imam Sanusi na Tilimsan (ya rasu 895H/1490M). Duk wanda ya haddace siffofi ashirin ya san saɓa wa fararru da tsayuwa da kai, ya kuma san cewa yana daga abin da ya koru ga Allah a siffanta zatinsa da fararrun abubuwa. Bisa wannan, malaman wannan hanya ko dai su fawwala ma'anar ga Allah, ko su fassara fushi da nufin azabtarwa, jinƙai da nufin ni'imtarwa ko ni'imar kanta. Baidawi ya taƙaita ƙa'idar a farkon tafsirinsa: irin waɗannan sunaye ana ɗaukar su ne ta fuskar abin da suke haifarwa na aiki, ba ta fuskar mafarinsu na infi'ali ba. Kusancin wannan da bayanin Agustin a fili yake.

Hanya ta biyu, wadda ta ƙara ƙarfi a Kano bayan dawowar ɗaliban da suka yi karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, ita ce tabbatar da waɗannan siffofi a kan haƙiƙarsu ba tare da tambayar yanayi ba. Suna kafa hujja da matanin Ɗahawi, wanda ya tabbatar da fushi da yarda tare da kore kama da na talikai, da kuma hujjar Ibn Taimiyya (ya rasu 728H/1328M) a Tadmuriyya: in ka ce fushi tafasar jinin zuciya ne don haka bai dace da Allah ba, to nufi ma karkatar rai ne, in ka ce wannan nufin talikai ne, to wancan ma fushin talikai ne. A wurinsu Allah yana yarda yana fushi a lokacin da ya so, da mashi'arsa, kuma wannan ba sauyin tawaya ba ne.

Saɓanin na gaske ne, kuma ba a yi wa ilimi adalci in aka ce na lafazi ne kawai. Cibiyarsa ita ce ko ayyuka na zaɓi suna tsayuwa da zatin Allah ko ba sa yi. Amma a duba abin da babu jayayya a kansa. Duka biyun sun kore cewa wani abin halitta yana rinjayar Allah ya jefa shi cikin halin da bai nufa ba. Duka biyun sun kore masa nadama da bada'i, wato bayyanar abin da da bai sani ba, kuma sun bambance wannan da nasakhi. Duka biyun sun yi imani da hadisin ƙudusi na Abu Zarri a Sahihu Muslim, mai nuna cewa bayi ba za su iya cutar da Allah ko su amfane shi ba, kuma taƙawarsu ko fajircinsu ba ya ƙara ko rage komai a mulkinsa. Babu ɗayansu da zai ce tausayi ya kama Allah.

Wajibi ne kuma a yi hattara da wani kuskure. Ganin kamanni tsakanin Agustin da Ash'ariyya, ko tsakanin Tartuliyan da Ahlul Asar, ba dalili ba ne na cewa wani ya kwaso aƙidarsa daga Nasara ko Yahudu, kamar yadda ake jifan juna a wasu wa'azozi. Tambaya ɗaya ce ta fuskanci masu hankali a zamuna dabam-dabam, kuma ƙofofin fita daga cikinta ba su da yawa. Wanda ya yi da'awar aro, sai ya kawo hujjar tarihi.

6.0 Kammalawa

Tarihin da aka bibiya ya nuna haɗari biyu. Wanda ya ɗauki fushin Allah a kan irin na mutane yana kan hanyar Marsiyon. Wanda kuma ya zurfafa a korewa har jinƙai ya zama suna marar ma'ana, ya bar mai tuba ba shi da wanda zai fuskanta, kuma wannan ne abin da Laktantiyus ya ji wa tsoro. Amsar da ta dace da matashin Yammedi ita ce ya gaya wa abokinsa cewa Allah yana so, yana jin ƙai, yana fushi, kamar yadda ya faɗa game da kansa, kuma jinƙansa ya fi na uwa, sai dai jinƙai ne na Mawadaci Mai iko wanda babu abin da ke kama shi ko ya raunana shi. Zai iya ƙara masa da cewa magabatan cocinsa ma sun tsarkake zatin Allah daga shan wahala.

Game da junanmu kuwa, muna da abin koyi a gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi raddi a littattafai irin su Hisnul Afham da Nasa'ihul Umma ga ɗaliban da ke kafirta gama-garin Musulmi don ba su iya kafa hujjojin ilmul kalam ba. Manomin Ƙaraye da ke ɗaga hannu yana roƙon Allah ya ji ƙan iyayensa imaninsa ingantacce ne, ko bai taɓa jin kalmar infi'ali ba. Wannan mas'ala ta ɗakin karatu ce, a tattauna ta da littafi a buɗe da ladabin saɓani, kada a mai da ita abin raba sahun salla. Allah ne mafi sani.